Ruwa a Siton Barakatu

Ƙauran Namoda,
ƙarshen watan Satumba.

Zuwa ga ƙanena Armiya'u, a Fatakwal.

Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ina roƙon Allah ya sa wannan takarda ta riske ka cikin ƙoshin lafiya, kai da Saudat da yara, ya buɗa maka kasuwa, ya tsare ka daga sharrin baƙunta da na hanya. Mu nan lafiya, sai godiya. Gwiwata tana nan yadda ka baro ta, in sanyi ya shigo a zaune nake salla. Uwargida Zainabu ta warware daga zazzaɓin da ya kwantar da ita. Ɗiyarmu Hamdiyya ta sauka lafiya a Shinkafi, an sami mace, ta ci sunan marigayiya Inna. Ban je suna ba, ka san yadda hanyar take, amma an aiko mana da goro da hoto. An fara yankan gero, ga waɗanda suka sami ikon zuwa gonakinsu ke nan.

Na zaɓi in rubuto maka maimakon waya, domin a waya kai mai sauri ne, ni kuma kunnena ya yi nauyi, kafin in haɗa magana ka riga ka yanke ta. Maganar siton Baba ce. Ka tuna da bazara muka shirya ni da kai a kan mu sayar wa mutumin nan na Gusau mai son rushe shi ya gina shaguna, muka ce ba sai mun gaya wa ƙanwarmu Barakatu ba sai an gama, tunda kaso huɗu namu ne, ɗaya nata. Da ka ji ruwa ya shiga siton ka kira ni ka ce wannan ita ce alama ta ƙarshe, na ce maka haka ne. Mutumin zai dawo nan da mako biyu da takardunsa. Kafin ya zo ina son ka ji abin da idona ya gani, don ban gaya maka ko rabinsa ba.

Shekara goma sha ɗaya rabonka da zama gida, saboda haka ba ka san abin da siton ya zama ba. Ba wurin ajiyar gyaɗar Baba ba ne kamar da. Tun da mutanen daji suka fara ƙone rumbuna, manoman Kurya Madaro da Ɗan Isa, har da na Dauran can ƙasar Zurmi, sun daina barin hatsi a ƙauye. Da an sussuka sai su ɗinke buhu su kawo wa ƙanwarmu, ta ajiye, ta ɗauki tiya ɗaya a kan kowane buhu ladan ajiya. Mutum ya zo ya ɗebi na mako biyu, ya koma. Da wannan take riƙe da kanta da marayunta tun rasuwar mijinta. Bana buhu ɗari biyu da sittin ke ciki, na gidaje kusan saba'in. A watan marka kuwa, lokacin da tsoho ya kusa ƙarewa sabo bai nuna ba, abin da ke cikin siton nan shi ne tuwon waɗannan gidaje, babu wani.

Yanzu ga laifina, gara ka ji daga bakina. Da kakar bara zaman banza ya ishe ni, na fara leƙa siton. Na tarar kowane buhu da tsumma ɗaure a kunnensa, wani ja, wani shuɗi, wani an zana masa gawayi. Abin ya ba ni kunya. Ni da na yi kwalejin horon malamai, na koyar shekara talatin da biyar, a ce gidanmu ana shaida dukiyar mutane da tsumma. Na sayo kwali da biro, na yanka katuna, na ba kowane buhu lamba, na rubuta lambobi da sunayen masu su a babban littafi, na sa aka kwance tsummokin aka zubar. Barakatu ba ta yi musu ba, ta ce Yaya ya fi ta sani. Taubashinmu Ado, wanda har yanzu shi ne babban 'yan dakon layin, shi ne ya yi ta tsokanata. Ya ce tunda gwamnati ta ƙi ba Shehun Malami ofis, ga shi ya buɗe nasa a kan buhun dawa, saura ya fara kiran sunan buhuna da safe suna amsawa. Na ce masa bawa ba ya gane aikin ubangijinsa. Muka yi dariya, amma a raina ina ganin na kawo musu wayewa.

Ruwan ya zo wata Talata a tsakiyar Agusta, bayan azahar. Ni ban taɓa ganin irinsa ba, kamar an kifar da tulu a kan garin. Kwalbatin da ke bayan siton ya toshe da leda da yayi, ruwan layin kasuwa duka ya taru ya jingina da bangon baya, bangon ƙasa na tun zamanin Baba. Iska ta yaye kwano uku. Kafin la'asar bangon ya zauna. Da ruwa ya tsagaita na dogara sandata na je. Armiya'u, ruwa har gwiwa, jawur, ga jerin buhuna ya rushe sun hau juna, na sama sun sha ta rufi, na ƙasa sun nutse. Katunana kuwa suna yawo a kan ruwa kamar ganyen da aka tafasa. Waɗanda suka rage a jikin buhu sun zama dunƙulen takarda mai shuɗin tawada. Ko lamba ɗaya ba ta karantuwa. Littafin yana gida a busashe, tsaf, sunan kowa da lambarsa, amma buhunan da yake magana a kansu ba su da lamba kuma.

Ka san halina. Tun da na yi shekara huɗu ina bin fansho ofis ofis, yaran da na koya wa baƙi da wasali suna wuce ni a mota ba ko ɗaga hannu, na yanke ƙauna da mutanen ƙasar nan. A tsaye cikin ruwan na ce wa Barakatu an gama. Na ce gobe za su zo, kowa ya rungumi busasshen buhu ya rantse nasa ne, jiƙaƙƙen kuwa ba mai shi, a ƙare a gaban alƙali, sunan gidanmu ya zube. Na ce aƙalla mu ceci hatsin kafin ya yi tsiro. Na karɓi wuƙa a hannun Ado na kama bakin wani buhu zan yanke ɗinkin.

Sai ta riƙe mini wuyan hannu. Tun da aka haife ta ba ta taɓa yin haka ba. Ta ce in yi mata gafara, amma kada wanda ya taɓa bakin buhu ko ɗaya. Ta ce a juya su, a farke ta gindi, wajen ɗinkin kamfani, wanda duk iri ɗaya ne. Bakin kuwa mai shi ne ya ɗinke da basillarsa, kuma ba mutum biyu da ke ɗinki iri ɗaya. Nan na tuna dokarta da na daɗe ina ɗauka rowa ce ko ƙyuya: duk wanda ya ɗebi hatsi, shi zai mayar da ɗinkinsa da hannunsa, ba ta yarda Ado ko wani ɗan dako ya ɗinke wa kowa, ko da mutum yana saurin kama mota. Ashe tsummokin da na zubar don 'yan dako ne kawai, su gane na ɗauka da sauri. Shaidar gaskiya tana bakin buhu, ni kuma da wuƙata saura kaɗan in yanke ta. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Abin da ya biyo baya, da wani ya ba ni labari da na ce ƙari ya yi. Washegari da hantsi Ado ya tara 'yan dako goma sha biyu da baro da kura. Barakatu ta shiga gida gida a unguwa. Buhu casa'in da uku ne suka jiƙe, ta raba su a gidaje talatin da wani abu. Ƙa'idarta ɗaya ce: kowane buhu tabarmarsa daban, kada ƙwaya ta haɗu da ta wani, a ajiye fankon buhun a gefen shanyarsa, a danne da dutse, bakinsa a ɗinke. Na zaga da sandata na gani. Tsakar gidaje, kan soraye, harabar masallacin unguwa, barandar makarantar Islamiyya, ko'ina gero ne da dawa da masara a baje, mata suna motsawa da tafin hannu suna korar kaji. In hadari ya taso sai ka ji ana kiran juna ta kan katanga, a naɗe, in ya wuce a sake bazawa. Wata rana sau huɗu aka yi haka. Kwana biyar ana wannan aiki. Waɗannan mata fa wasunsu sau ɗaya ake ɗora tukunya a gidansu a yini, ga hatsin baƙi a gabansu ba mai gadi. Da aka tattara aka mayar, Ado ya ɗaga kowane buhu ya ce ban da ramar bushewa babu wanda ya ragu.

Dole in gaya maka asararka. Buhunanka huɗu na gonar gado sun tafi, da nawa uku, da nata tara. Dalili, ta riƙe dokar Baba da ni na manta: namu a ƙasa, na mutane a sama. Namu ne suka kwana a cikin laka. Masarar ta ruɓe, an ba makiyaya. Geron kuwa ta ce bai mutu ba, hanyar kamu kawai ya kama da wuri. Ta wanke shi, aka niƙa, aka tace, mata uku suka yi mako suna sayar wa masu koko, da shi aka sayi bulon farko na sabon bango.

Ta aika saƙo ta bakin direbobin tasha, na Zurmi da na Shinkafi, cewa duk mai ajiya ya zo. Ba ta ɓoye komai ba, ta ce a gaya musu ruwa ya shiga kuma shaida ta goge. Ranar Lahadi suka fara isowa, wasu a babur, wasu sun yi zagaye mai nisa don kauce wa daji. An jera buhunan duka a ƙofar gidana. Ni na zauna a kujera da littafina a cinya, ina jiran rigimar da na yi alkawari. Wanda ya fara shiga wani Bafulatani ne daga Dauran, Jaji, dogo mai furfura, da ke kiranta Adda, wato yaya da Fulatanci. Bai ko dubi hatsin ba. Ya bi layi yana shafa bakin buhuna da yatsa, ya tsaya, ya ce wannan, ya wuce shida, ya ce da wannan. Bahago ne, ɗinkinsa daga dama yake kwantawa. Na duba littafi, buhu uku gare shi, uku ya nuna, biyu a cikinsu jiƙaƙƙu. Wani yana barin kunne biyu, wani ɗaya. Wani ɗinkinsa ƙanana kamar na tela, wani manya kamar taku. Wani tsoho mai ciwon ido daga Ɗan Isa da hannu kawai ya gane nasa. Ado yana tsaye a kaina, duk wanda ya gane buhunsa sai ya sunkuyo ya tambaye ni ko Shehun Malami zai ba shi maki nawa. 

A kwana na uku aka zo kan abin da ya sa na ɗauki alƙalami. Buhu biyu suka rage a layin dawa, ɗinkinsu kamar hannu ɗaya. Guda busasshe ne ƙal, farfara mai kyau, ruwa bai taɓa shi ba. Ɗayan yana cikin 'yan kaɗan na mutane da suka gangaro cikin laka, an shanya amma ya yi baƙi, yana wari, rabinsa ba ya ciwuwa. Littafina ya ce ɗaya na Mu'awiya ne na Kurya Madaro, ɗayan na yayansa Alamin. Alamin kuwa an kashe shi a gona farkon daminar nan, ya bar mace da 'ya'ya biyar, suna zaune wajen danginta a nan cikin gari. Mu'awiya shi ma ba a tsaye yake ba. Sau biyu ana tashinsu daga gida, bana bai yi shuka ba, baki tara ke jiransa, wannan buhu shi ne iyakar abin da ya rage masa a duniya. Ka ga rigarsa ka san halin da yake ciki. Barakatu da kanta ta duba ta ce wannan ya fi ƙarfin idonta. Mutanen da ke wurin suka ce ya ɗauki mai kyau, ai mamaci ba ya zuwa shaida, in ya so ya ɗan sam wa marayun. Wani ya ce a haɗa a raba biyu. Ni ma, Allah ya gafarta mini, na ce ya ɗauka a wuce wurin.

Ya durƙusa a gaban buhunan ya daɗe. Ya bi ɗinkin na farko da babban yatsa har ƙarshe, ya bi na biyu. Sannan ya ɗago ya ce ubansu ɗaya ya koya musu riƙe basilla, shi ya sa suka yi kama, amma shi sau uku yake zagaya ƙullin ƙarshe, Alamin kuwa mai gaggawa ne tun suna yara, sau biyu yake yi ya ja. Ya dafa busasshen ya ce wannan na Alamin ne, a kai wa 'ya'yansa. Ya jawo baƙin ya ce wannan nasa ne. Na tashi da kaina, da gwiwar nan tawa, na sa tabarau na duba. Zaren baƙin buhun ya kumbura da ruwa, ni ban iya bambance biyu da uku ba. Babu wanda zai iya a wurin sai shi. Da aka sake cewa a raba, ya ce ba zai haɗu da ɗan'uwansa gobe ƙiyama da zagaye ɗaya na zare a tsakaninsu ba. Ado ya taya shi ya ɗora a babur. Barakatu ta shiga ciki ta fito da ƙullin kamu da tiya huɗu na abin da take ci, ta ce ba sadaka ba ce, ladan ajiyar da ta karɓa ne take mayarwa da ƙari, tunda ajiyar ba ta yi kyau ba. Da ƙyar ya karɓa.

Armiya'u, na karanta littattafai da yawa a kan amana, na sa yara sun rubuta insha'i a kanta, na ba su maki. Ranar nan na fara ganinta da ƙafafu, sanye da silifa ɗaya ja ɗaya baƙi. Ba zan ce maka na sauya ra'ayi a kan masu ofis ba, waɗannan suna nan yadda na san su. Amma shekara da shekaru ina cewa mutanen kirki sun ƙare a ƙasar nan, ashe ni ne nake nemansu a inda ba su zama. Gidaje saba'in, buhu ɗari biyu da sittin, ba a ɗaga murya ko sau ɗaya ba. 

Siton bai rufe ko yini ɗaya ba. Zaurena da ɗakin baƙina su ne sito yanzu, na tura akwatunan littattafai ƙarƙashin gado, Zainabu tana ta mita a kan ɓeraye. Barakatu tana zama a ƙofa da tiyarta kamar kullum, masu ɗiba suna zuwa suna ɗinkewa suna tafiya. Bangon baya ya kai kafaɗa da bulo, an ɗaga daɓen taku biyu, Ado da mutanensa sun yashe kwalbatin ba wanda ya sa su. Ni na ɗauka bayan abin da ya faru kowa zai nemi wani wuri bana. Jiya da safe Jaji ya sauke buhu biyar na sabon gero a ƙofata. Barakatu ta ce masa ya jira siminti ya bushe. Ya ce shi ba bango ya kawo wa ajiya ba. Kafin azahar an sauke ashirin da ɗaya.

Da la'asar muna zaune a kan buhunan, kunya ta ishe ni, na fara kame kame zan gaya mata maganar sayarwa. Ta tare ni ta ce ta sani tun bazara, ranar da mutumin ya zo da igiyar awo yana auna bango yana tambayar 'yan dako ina iyakar fili. Na tambaye ta me ya hana ta magana duk watannin nan. Ta ce gadonmu ne, mu ne manya, ba za ta yi jayayya da mu a kan abin Baba ba. Abu ɗaya take roƙo: in za a sayar, a bari sai mutane sun cinye abin da suka kawo, kada ta aika musu su zo su kwashe alhali ba su da inda za su kai. Wannan mata da ba a sa ta makaranta ba don a sa ni, ta san muna shirin cire mata ƙasa a ƙarƙashin ƙafa, kuma a haka ta shiga ruwa har gwiwa tana ciccibar buhunanka.

Saboda haka ni na janye hannuna. Ba zan sa hannu a takardar mutumin ba, kasona biyu na bar shi a inda yake muddin tana raye. Na san kana da buƙatu a can, ga karatun yara ga haya, ba zan tilasta ka ba, haƙƙinka ne a shari'a. In ka ce sai an fitar maka da naka, za mu zauna mu ga yadda za a yi ba tare da an rushe bango ba. Amma ina roƙonka a matsayin yayanka, wanda bai cika roƙo ba, ka aiko mini da amsa kafin mutumin ya zo. Kuma kada ka aiko ta wurina kaɗai. Ka kira ta da kanka ka gaya mata, mun daɗe muna yanke magana a bayanta.

Ka gaida Saudat ƙwarai, ka ce mata Zainabu ta gode da turmin atamfa. Ka gaida Bilyaminu, ka ce ya dage da karatu amma kada ya raina wanda bai yi ba. Ka shafa mini kan Fauziyya da auta Sadiya. Barakatu tana gaishe ka, ta ba direba ƙullin busasshen kamu ya kawo maka tare da wannan takarda, ta ce daga geronka ne, iyakar abin da ta iya ceto maka ke nan, ka yafe mata sauran. Ado ya ce a gaida bawansa na bakin teku. Allah ya sada mu da alheri, ya jiƙan iyayenmu, ya kawo mana zaman lafiya a ƙasar nan.

Ni ne yayanka,
Muhtari.